GAYYAR TSOHUWAR MAKABARTA: A SHIGA DA LAUJE, A BAR ASHANA A GIDA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya sanya bayanta mazaunin rayayyu, cikinta kuma ma'ajiyar matattu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, ruwa ya ɗauke, an shiga yankan gero, kuma lokaci ya yi da matasan unguwanni suka saba haɗuwa domin gayyar makabarta. Wannan al'ada ce mai kyau wadda muka gada daga iyaye, kuma duk wanda ya baro aikinsa ya ɓata wuni guda cikin rana da ƙarangiya saboda mutanen da ba su iya ce masa sannu, lalle ya yi aikin da ba ya jiran lada sai daga Allah. Muna yi masu fatan alheri. Sai dai akwai wani abu da ya shigo cikin wannan gayya wanda ya wajaba mu yi magana a kansa tun ba a sake shi bana ba, watau sanya wa makabarta wuta.

Bara, a tsohuwar makabartar unguwarmu, wadda aka daina bisne mutane cikinta tun wasunmu suna yara, matasa sun taru da kyakkyawar niyya. Da suka ga haki ya kai ƙugu, rana kuma ta yi zafi, sai wani ya ce wuta ta fi hannu sauri. Aka ƙyasta ashana ta ɓangaren gabas, iska ta ɗauka. Washegari bayan sallar asuba muka shiga mu da wasu dattawa. Mun tarar da wani babban gawo, wanda kakanninmu suka tsaya ƙarƙashinsa suna jiran a gama gina kabari, wuta ta shiga kogonsa tana cin sa daga ciki, kuma bai kai damina ba ya faɗi. Mun tarar da tsofaffin kusheyi da suka rufta, wuta ta bi itacen rufi ta shiga har ciki. Alamun icce da mutane suka kafa ga kaburburan iyayensu sun zama toka, har wani dattijo ya yi ta kewaya yana neman kushewar mahaifiyarsa bai gane ta ba. Sa'an nan ga bushiya ta dunƙule ta ƙone a inda take, ga hawainiya, ga sheƙunan tsuntsaye. Ba wanda ya yi nufin ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma dukkansu sun auku a hannun Musulmi, cikin wurin da ya fi cancanta a shiga da natsuwa.

Muna cikin juyayin wannan al'amari sai wani ɗalibinmu da ya je ƙarin karatu Ingila ya dawo ganin gida, ya ba mu labarin wata makabarta a gabashin birnin Landan wadda ya riƙa zuwa aikin sa-kai cikinta. Daga baya muka bincika muka tarar labarin haka yake. Muna son mu kawo shi a nan da ɗan tsawo, domin kuwa hikima ɓataccen kayan mumini ce, inda duk ya tsince ta shi ya fi cancanta da ita.

Unguwar sunanta Tawa Hamlets (ba Tawa tamu ta ƙasar Adar ba, kada wani ya ce liman ya ƙaurar da garinsu). A farkon ƙarni na 19 mutanen Landan sun kai kimanin miliyan 1, amma kafin shekara hamsin sun ninka fiye da sau biyu. Ƙananan makabartun da ke harabar majami'u suka cika har ana tone wani a sa wani, wari da cuta suka dami jama'a. Saboda haka tsakanin 1833 da 1841 aka buɗe manyan makabartu bakwai a kewayen birnin, ta ƙarshe cikinsu ita ce wannan ta Tawa Hamlets, wadda aka buɗe a 1841 a kan fili mai kimanin hekta 11. Ita makabartar talakawa ce, ma'aikatan tashar jiragen ruwa da masu ƙananan sana'o'i. Da yawa daga cikinsu danginsu ba su da kuɗin sayen kabari na kansu, sai a gina rami mai zurfi a jera mutanen da ba su san juna ba a ciki. An ƙiyasta waɗanda aka rufe a wurin sun kai 350,000, cikinsu har da yara fiye da 500 na wani gidan marayu. A lokacin yaƙin duniya na biyu bama-bamai sun faɗa cikinta. Kamfanin da ke da ita ya kasa riƙe ta, sai hukumar babban birnin ta saye ta a 1966, aka rufe ta ga bisne gawa.

Abin da hukumar ta yi niyya shi ne ta kawar da duwatsun kaburbura ta mayar da wurin fili. An ma fara, amma mutanen unguwa suka ƙi, kuɗi kuma suka yi ƙaranci, aikin ya tsaya. Daga nan wurin ya shiga halin da muka sani sarai a garuruwanmu: ba mai shi, ba mai kula, itatuwa suka tsiro yadda suka ga dama, wata ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe kaburbura, mutane suka mayar da shi juji. A 1986 makabartar ta koma hannun hukumar unguwa, a 1990 kuma wasu mazauna wurin suka kafa ƙungiya suka sa mata suna Abokan Makabartar. Ba su da ikon hukuma, ba su da dukiya, abin da suke da shi kawai hannuwansu da dawwama a kan aiki. Yau wurin yana cikin wuraren da dokar ƙasarsu ta keɓe domin kare tsirrai da namun daji, a tsakiyar unguwa mai cunkoso wadda ƙidayar 2021 ta nuna kusan 40 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, mafi yawansu asalin Bangaladash.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda suke aikin. Waɗannan mutane sun lura cewa ƙasar da aka yi shekara fiye da ɗari ba a noma ta ba, ba a yi gini a kanta ba, ta zama mafakar abubuwan da birni ya kora daga ko'ina: yanyawa, jemagu, tsuntsun nan mai ƙwanƙwasar icce, ƙudan zuma da ire-iren malam-buɗe-littafi masu yawa. Sai suka ƙi bin hanyoyi biyu masu sauƙi, watau su share komai ƙasa ta fito fes, ko su bar komai ya cinye kaburbura. Suna buɗe hanyoyi su riƙe su a buɗe duk shekara. Suna rage yaɗon da ke karya duwatsun kaburbura, suna sassabe inda inuwa ta yi yawa domin haske ya sauka ƙasa. Filayen haki ba su yanke su sai furanni sun gama sun zubar da iri, in sun yanka kuma su kwashe hakin su fitar. Iccen da ya mutu, in ba zai faɗo wa kowa ba, sukan tara shi a gefe saboda ƙwari da ƙananan halittun da ke rayuwa cikinsa. Wasu daga cikinsu kuma aikinsu shi ne karanta sunayen da ke bisa duwatsu da tsofaffin littattafan makabartar, su taimaki wanda ya zo neman kabarin kakansa. Ana kawo ƴan makaranta su koyi sunayen itatuwa da tsuntsaye. Ɗalibin namu ya ce abin da ya ba shi kunya shi ne ganin tsohuwa mai shekara wajen saba'in, ba danginta ko ɗaya a wurin, tana durƙushe cikin sanyi tana cire ƙaya daga kabarin wani da ya mutu tun ba a haifi uwarta ba.

To, ƴan'uwa, mu da aka saukar wa Littafi, aka bar mana sunna, me muke da shi a kan wannan? Muna da abin da ya fi nasu, sai dai mun bar shi cikin littattafai.

Mu fara da haƙƙin mamaci, domin shi ne mai gida. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Shaihu Halil ya tabbatar cikin Muhtasar, sun hukunta cewa kabari hubusi ne ga wanda ke cikinsa, ba a tafiya a kansa, ba a tone shi muddin akwai sauran mamacin a ciki. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna zama a kan garwashin wuta har ya ƙone tufa ya kai ga fata ya fi wa mutum sauƙi bisa ga zama a kan kabari. An kuma ruwaito daga Uwar Muminai A'isha, cikin Muwaɗɗa da Sunan na Abu Dawuda, cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. In zama kawai ya kai wannan matsayi, ina ga tura wuta cikin rami? In karya ƙashi haram ne, ina ga ƙona shi? Ba mu ce wanda ya yi bisa rashin sani ya halaka ba, amma wanda ya karanta wannan ya fita daga cikin marasa sani.

Ita ma alamar kabari tana da asali. Lokacin da Usmanu ɗan Maz'un ya rasu, shi ne na farko cikin Muhajirai da aka rufe a Baƙi'a, Annabi (S.A.W.) da kansa ya naɗe hannun riga ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa, domin ya gane kabarin ɗan'uwansa, ya kuma rufe iyalansa kusa da shi. Saboda haka dutse ko guntun icce ko fasasshen tulu da talaka ya kafa wa mahaifinsa abu ne da shari'a ta yarda da shi, kuma wanda ya ƙone shi ya raba ɗa da wurin da yake tsayawa ya yi addu'a. Gini da shafe kabari da siminti kuwa, wannan Risala ta Ibn Abi Zaid ta gaya mana makaruhi ne, kuma a nan mu da mutanen Landan hanyarmu ta rabu tun daga tushe: su makabartarsu dajin duwatsu ce da gumaka, tamu ƙasa ce da ƙaya da itatuwa. Wannan ma ya sa tamu ta fi tasu saurin zama mafakar halittu, ta kuma fi tasu saurin ɓacewa in an yi sakaci.

Sunan makabartar Madina kansa abin lura ne. Ana ce mata Baƙi'ul Garƙad, shi kuwa garƙad wani ƙaramin icce ne mai ƙaya da ke tsirowa a wurin. Makabartar da ta ɗauki sahabbai da matan Annabi da ɗansa Ibrahim, da sunan icce aka san ta.

Sai haƙƙin masu rai da ke zaune ciki. Allah Ta'ala ya sanar da mu a aya ta 38 cikin Suratul An'am cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fukafukai al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. A aya ta 44 cikin Suratul Isra'i kuma ya sanar da mu cewa kowane abu yana yi masa tasbihi, mu ne ba mu fahimta. Kada mu manta kuma ɗan Adam bai san yadda ake bisne gawa ba sai da Allah ya aiko hankaka ya nuna masa, kamar yadda ya zo cikin Suratul Ma'ida. Tsuntsu ne malaminmu na farko a wannan fage, ga shi yau muna ƙone gidan tsuntsu da sunan gyaran makabarta.

Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa suna cikin tafiya da Manzon Allah (S.A.W.) sai suka ga wata ƴar tsuntsuwa da ƴaƴanta biyu, suka ɗauke ƴaƴan. Uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai a kansu. Da Annabi ya dawo ya ga halinta, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya yi umurni a mayar mata da ƴaƴanta. A cikin wannan hadisi ne kuma ya ga gidan tururuwa da suka ƙone, ya hana su, ya sanar da su cewa azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce shi kaɗai. Ku duba fa, tururuwa ce. Ba raƙumi ba ne, ba doki ba ne, ba abin da wani zai ce ya yi hasarar dukiya. Mu kuwa a wuni guda mun ƙone abin da Allah kaɗai ya san adadinsa.

Akwai hadisin kaburbura biyu da kowa ya sani, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, inda Annabi (S.A.W.) ya tsaga ɗanyen reshen dabino gida biyu ya kafa a kan kowane, yana fatan a sassauta masu muddin rassan ba su bushe ba. A nan ya kamata mu yi adalci ga ilimi. Wasu malamai, kamar Haɗɗabi, sun ce wannan ya keɓanta da albarkar hannun Annabi da addu'arsa. Wasu sun ga ya game, suna kafa hujja da sahabi Buraida wanda ya yi wasiyya a sanya masa rassa biyu a kabarinsa. Mu ba za mu ce wa kowa icce yana ɗauke azabar kabari ba, abin da ke amfanin mamaci aikinsa ne da addu'ar masu rai da rahamar Allah. Amma malaman Hanafiyya sun ciro wani hukunci daga nan wanda ya dace da maganarmu: Ibn Abidin ya kawo cewa makaruhi ne a yanke ɗanyen tsiro da ɗanyen haki a makabarta, busasshe kuwa ba laifi. Ku haɗa wannan da abin da mutanen Landan suka gano ta hanyar lura, cewa a jira haki ya zubar da iri kafin a yanka. Malamin Sham da ya rasu a ƙarni na 19 da ƴan sa-kai na ƙarni na 21 sun tsaya a kan lokaci guda, kowa ta hanyarsa.

Wanda ya san ƙasarmu ya san wannan magana ta fi nauyi a nan bisa ga can. Ku fita bayan kowane babban gari namu ku duba. Gatari ya cinye daji saboda itacen girki, gonaki sun haɗe, unguwanni sun bi gonaki. Sau da yawa in ka hango duhun itatuwa daga nesa, in ka matsa sai ka tarar makabarta ce. A can ne za ka ga tsohuwar aduwa da magarya da kurna da anza da kalgo da suka tsira, saboda ko ɓarawon icce yana jin nauyin shiga. A can ne gamba ke kai wa ga zubar da iri ba a cinye ta ba. A can kurege da damo da fakara da kurciya da cilakowa suke samun inda za su ɓoye, shamuwa ta sami reshen da za ta sauka in ta kawo bisharar damina. Tsoron kabari ya yi wa waɗannan halittu abin da ma'aikatan gandun daji suka sha wahala a kansa. Mu tuna ungulu, wadda muka taso muna korar ta a mahauta saboda yawa, yau yaro zai iya kai wa shekara goma bai gan ta ba. Abin da muke ganin ba ya ƙarewa, yana ƙarewa. Mu tuna kuma ganyen magaryar da muke nema ranar wankan gawa, a wasu unguwanni sai an shiga makabarta ake samun sa.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun koya wa duniya darasi a kan wannan. Bayan yunwar 1984 sun rungumi sassaben zamani, watau barin kututture ya toho a zaɓi rassa masu ƙarfi a raine su, har masana suka ƙiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Ba a sayo dashe daga waje ba, abin yana cikin ƙasa yana jiran a daina kashe shi. Wannan ilimi yana hannun iyayenmu manoma, ya kamata su shigo da shi makabarta su nuna wa matasa wane toho ake bari, wane ake cirewa.

Mun san abin da za a ce, domin an faɗa mana a zaure. Za a ce macizai. Gaskiya ne, kuma shari'a ba ta ce a yi reno ga abin da ke cutarwa ba, an ma yi izinin kashe maciji da kunama ko mutum yana cikin salla. Amma kashe macijin da ya fito maka daban, ƙone duk abin da ke numfashi cikin hekta uku saboda tsammanin maciji daban. Hanya mai faɗi da aka share, da hakin da aka yanke a kan lokaci, sun fi wuta kare ƙafar mai ziyara, domin wuta rana ɗaya ce, hanya kuwa kullum. Za a ce duhun itatuwa yana ɓoye ƴan shaye-shaye da masu tonon kabari domin tsafi. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne ya fi damunmu. Sai dai ɓarna tana zuwa inda aka yasar, itatuwa ba su kira ta ba. Makabartar da ake ganin mutanen kirki suna shiga kowane mako da lauje da manjagara, mai mugun nufi ba ya sakewa cikinta. Haka ita ma maganar masu cin iyaka: tsohuwar makabartar da ba shinge, ba mai kula, ita ce ake wayi gari an ja igiya a gefenta an ce fili ne, bayan shekara biyu a ga gida a kan ƙasusuwan bayin Allah. Kasancewarmu a wurin ita ce takardar mamatan.

Akwai kuma masu jifar mujiya duk inda suka gan ta, wai tana kiran mutuwa. Wannan camfin jahiliyya ne wanda Annabi (S.A.W.) ya kore shi a hadisi ingantacce. Mujiya ɓeraye take ci, ɓera da gafiya kuwa su ne ke haƙa ramuka cikin kaburbura har ruwa ya shiga su rufta. Wanda ya kashe mujiyar makabarta ya kori mai gadin da ba ya karɓar albashi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, wajibi ne mu ja iyaka, kada wani ya ce liman ya ce a mayar da makabarta wurin shaƙatawa. Mutanen Landan suna yawo da karnuka cikin tasu, suna zama su ci abinci, suna taruwa domin nishaɗi. Wannan ba namu ba ne. An yi mana izinin ziyarar kaburbura domin mu tuna lahira mu yi wa mamata addu'a, kuma duk wanda ya shiga aiki ya shiga da sallama ga ma'abuta wurin, ya sassauta murya, ya bi hanya, kada ya taka kabari ko ya jingina kayan aikinsa a kai. Ba kiɗa, ba shewa, ba raha irin ta gayyar gona. Haka nan ba a dasa babban icce a kan kabari, domin saiwa tana shiga ta taɓa mamaci, wurin dashe shi ne gefen hanya da bakin iyaka, shingen aguwa kuwa ya wadatar inda ba kuɗin katanga. Sa'an nan muna gargaɗi da babbar murya: icce icce ne. Ranar da aka fara ɗaura masa tsumma, ko zuba masa hura, ko neman haihuwa a gindinsa, to an fita daga rahama ga halitta an shiga shirka da Mahalicci. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya sa an sare iccen da mutane suka riƙa zuwa salla gindinsa suna cewa a nan aka yi mubaya'ar Ridwan. Muna kare itatuwan makabarta saboda inuwarsu da irinsu da abin da ke rayuwa cikinsu, da kuma hadisin Anas wanda ya nuna duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Wanda ya ƙetare wannan, ba da yawunmu ba.

Babban abin da muka rasa, wanda su suka samu, shi ne dawwama. Gayyarmu ta shekara sau ɗaya ce, mutum ɗari biyu su zo da safe, rana ta yi zafi, kowa yana son ya gama ya tafi, daga nan ne shawarar wuta ke fitowa. Mutum goma da ke zuwa sa'a biyu kowane mako sun fi su aiki, kuma ba su bukatar ashana. Annabi (S.A.W.) ya sanar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kada kuma wani ya raina shara. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin baƙar matar nan da ke share masallaci, ta rasu aka rufe ta ba a gaya wa Annabi ba saboda an ga kamar al'amarinta ƙarami ne. Da ya rasa ta ya tambaya, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla. An kuwa iya nuna masa, domin an san inda take.

Saboda haka kwamitin masallacinmu, bayan shawara da mai unguwa da dattawa, ya tsayar da cewa bana ba za a sanya wuta ba, ko a ciki ko a bakin shinge. Za a fara da buɗe tsofaffin hanyoyi, dattawan da suka san wurin su shige gaba su nuna inda kaburbura suke. Za a yanke busasshen haki da lauje daga hanyoyi da kan kaburbura, a fitar da shi a amalanke a sayar wa masu dabbobi, kuɗin su shiga asusun makabarta domin shinge da likkafanin marasa gata, tunda amfanin hubusi ga hubusi yake komawa. Kusurwar yamma, inda ba kaburbura, za a bar ta da gambarta. Za a tsince leda da gwangwani da kwalabe, a cike kusheyin da suka rufta, a mayar masu da ƙaya. Ba a sare ɗanyen icce, ko domin rufin sabon kabari, sai da izinin kwamiti. In bazara ta yi, za a ajiye kasake biyu na ruwa a gindin aduwa saboda tsuntsaye, ɗaliban makarantar dare su riƙa cika su bi da bi. Mun kuma sayi babban littafi, duk wanda ya san inda nasa yake kwance ya zo ya faɗa a rubuta tun masu sani suna raye. Muna roƙon limaman sauran unguwanni da rassan ƙungiya su karanta wannan ga jama'arsu kafin ranar tasu gayyar.

Za a haɗu ƙofar makabarta ranar Lahadi ta farko bayan an gama ɗaurin gero, da an sallame sallar asuba. Kowa ya zo da laujensa ko manjagara da takalmi mai rufi, mai amalanke ya zo da ita. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya haskaka kaburburansu, ya kyautata namu zuwan.